Gurjiyar Baba Soja

A ƙauyenmu, can gefen Kafur, in an sauko daga sujada ranar Lahadi an ci abin da za a ci, maza ba su da wurin zuwa sai gindin mangwaron ƙanen mahaifina. Tsohon soja ne, shi ya sa babba da yaro kowa Baba Soja yake ce masa. Ya zaga duniya da kakin gwamnati, ya dawo gida ba mota ba gidan bene, sai akwatin ƙarfe, da kujera mai naɗewa, da wani wasan karta da ya ce sunansa foka.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Za a ba kowa karta biyu ya ɓoye, sannan a riƙa shimfiɗa wasu a tsakiyar tabarma har su kai biyar, kowa ya haɗa su da nasa a zuci. Kowane zagaye ko ka zuba, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ce ka janye. Wanda kartarsa ta fi ƙarfi shi ke kwashe tulin. Amma in mutum ya yi burgar da ta sa kowa ya janye, ya ci ke nan, ko da hannunsa ba komai, kuma ba dole ya nuna ba.

Kuɗi kam ba ya hawa tabarmar. Baba ya ce ya ga ƙarti a bariki sun zubar da albashin wata kafin faɗuwar rana, ba zai kawo wannan masifa garin ubansa ba. Abin da muke zubawa gurjiya ce, wadda wasu ke ce wa kwaruru, kuma ba kowace iri ba. Ta kakarmu ce, baƙa wuluk mai farin ido, wadda tsohuwar ta zo da ita ɗakin aure. Ka zaga kasuwar Funtua da ta Malumfashi ba za ka ga irinta ba, Baba kaɗai ya ci gaba da nomanta. Saboda haka ba wanda zai sha kashi ya lallaɓa kasuwa ya ƙaro.

In an gama kaka sai Baba ya auna wa kowane ɗan wasa cikin gwangwanin madara ɗaya. Jarinka ke nan na rani gaba ɗaya. In ya ƙare, ka koma ɗan kallo sai baɗi. Lahadin da ke bin Ista ake gasar ƙarshe, kowa ya kawo abin da ya tara a yi ta bugawa har ta taru a hannun mutum ɗaya. Ladansa ya zauna a kujerar Baba na yammacin nan, a fara miƙa masa kunu. Daga nan gurjiya ta koma buhun mai ita ta jira damina. Fasto ya taɓa zuwa ya tsaya a kanmu da hannu a baya, ya ce tunda abin yana komawa gona shi bai ga caca ba, hayaniya dai ya gani. Maƙwabcinmu, wani Malam tela Musulmi, bai taɓa taɓa karta ba, amma ba Lahadin da ba ya jawo tabarmarsa kusa, kuma ya fi kowa sanin wanda ya yi wauta.

Ni a tarihin wasan nan ban taɓa kai wa Kirsimeti da ƙwaya ɗaya ba. Zuciya gare ni kamar busasshen kara kusa da murhu, kuma Allah ya haɗa ni da wanda ya san inda ake hura ta, wato taubashina, ɗan goggona. Yana da rumfar hatsi a Funtua, duk Lahadi sai ya hawo babur ya zo, da tumbinsa da dariyarsa. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba a riƙe magana, duk abin da ya gaya maka wasa ne, ka rama in kana da baki. To shi ke da bakin. Sa'ana ne amma yarona yake ce mini. Zai leƙo fuskata ya ce, "Yarona, hannunka na rawa, ko kartar ce ta yi maka nauyi?" Kafin in ankara na tura rabin jarina don in nuna masa ni ma namiji ne, shi kuwa ya kwashe yana waƙa.

A shekarar da nake ba da labari gurjiyar Baba ba ta yi kyau ba. Idonsa ya fara ba shi wahala, har ya riƙa nome shuka yana barin ciyawa. An kai shi asibiti a Malumfashi, likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa saura. Abin da aka tono daga gonar bai wuce iri ba. Ranar rabo, bayan ya auna wa kowa, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Na ajiye fartanya. Bana wanda ya cinye gasar ƙarshe, irin nasa ne, ya yi abin da ya ga dama da shi."

Wani ya ce, "In kai ka ci fa, Baba?"

"To babu wanda ya isa ya riƙe ta ke nan. Sai a dafa in ci rabona."

Taubashina ya buga cinya ya ce, "Ai ko ni na ci dafawar za a yi. A nan gindin mangwaro, da kanwa da ɗan gishiri, kowa ya ci a huta da wahala."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Mutumin da ya sayar da gonar gadonsa ya kama rumfa, me zai hana shi dafa iri? Ni kuwa a ɗakin kaka na tashi. Da safe in zan tafi makaranta takan cusa mini dafaffiyar gurjiyar nan a aljihu tana faɗa wai na cika ci. Ba ta bar mana zinariya ba, ba ta bar hoto ba, wannan baƙar ƙwaya ita ce abin da ya rage nata a duniya. Tunanin a ce ta ƙare a tukunya ɗaya ya hana ni sukuni.

Washegari na sami Baba shi kaɗai, na ce ni ne ɗan wansa, ni ne mai noma, 'ya'yansa mata duk suna aure a birni, me zai hana ya ba ni kawai. Ya ce, "Taubashinka ma jikan tsohuwar ne kamar kai. In na ba ka, goggonka ta ce na yi son kai, in na ba shi, kai ka kumbura. Je ka ci abinka a tabarma." Na san shi, in ya faɗi magana a gaban mutane ko tarakta ba ta janye ta.

Sai na kafa wa kaina doka biyu. Ta farko, ba zan ƙara zuwa gindin mangwaro da gwangwanina ba. Cikin tafin hannu ɗaya zan ɗiba, saura ya zauna a gida. In na tafin ya ƙare, in tashi in kakkaɓe wando, ko me aka ce mini. Ta biyu, duk Lahadi in na dawo zan rubuta yadda aka kwashe. Ba takarda na nema ba, gawayi na ɗauka na nufi bangon rumbu. In na samu ƙari, kibiya ta kalli sama, in na yi asara ta kalli ƙasa. A gefe in zana wanda ya cinye ni: taubashina da'ira, saboda tumbin, Baba kuwa hula. Ranar da raina ya ɓaci a wurin wasa sai in ƙara ɗan harshen wuta.

Matata ta tsaya tana kallon zanen, ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban yara, rumbun ma bai tsira ba? Mutane su zo su ce an yi mana asiri."

Ba a daɗe ba bangon ya fara gaya mini abin da kowa a garin ya sani ban da ni. Duk inda kibiya ta yi dogon nutso ƙasa, da'ira na nan, wuta na nan. Ranar da ba wuta, ko na yi asara ba ta taka kara ta karya ba. Hular Baba kuwa ba ta cin da yawa, amma tana yawan fitowa, ɗan kaɗan yau ɗan kaɗan gobe. Na lura kuma yawancin cinsa janyewa muke yi mu bar masa, ba mu ga kartarsa ba.

A ranin nan Baba ya shigo da sabon tsari. Ya ce mai rabo ya riƙa faɗin kartar da ya shimfiɗa a tsakiya da ƙarfi, wai haka ake yi a bariki. In kuma an kai ga nunawa, sai ya watsa kartarsa a buɗe ya harɗe hannu bai ce uffan ba, ya jira mu tura masa tuli ko mu janye shi daga gabansa. Muka ce tsufa ya ƙara masa isa.

Na koyi haɗiye magana. Taubashina zai yi ta zuba, ni kuwa in tuna da'irar nan ta bango in ce na janye. Haka na wuce Kirsimeti da jarina, har da riba. Ranar na zaga gari kamar wanda ya sayi mota. Gwangwanin madara ya yi kaɗan, na koma babba irin na madarar gari. Kafin mangwaro ya gama fure rabon mutane da yawa ya dawo hannuna. Na ajiye gwangwanin a madafi, bisa katangar da ke saman murhu, inda hayaƙi ke hana ƙwari shiga, yadda kaka take ajiye iri. Matata ta san da shi, ko ƙurarsa ba ta sharewa.

Wata Asabar na dawo daga fadama, inda nake ɗan noman tumatir, sai na ga baƙon takalmi a ƙofar ɗaki. Surukata ce, mahaifiyar matata, ta zo daga wajen Maska a kan acaɓa ba tare da aike ba. Matata tana majami'a wurin koyon waƙar zumuntar mata. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na sunkuyar da kai na fara gaisuwa. A sunkuyen nan ne idona ya sauka a kan gwangwanina, a kife kusa da ƙafarta.

Tana zaune a bakin murhu, tukunya a kan wuta. Ruwan ko motsi bai fara ba. Da a ce a lokacin aka sauke, aka tsame, aka baza a rana, da irin ya tsira. Taku uku ne tsakanina da tukunyar.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, to me ya hana ka magana? A wurinmu suruki ba ya kallon idon uwar matarsa, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya kiran sunanta, balle ya ce mata abin da ta yi ba daidai ba ne. Ina neman ta inda zan ɓullo sai ta riga ni.

Ta ce, "Ɗana, yau na ga abin da ya faranta mini rai. Rabona da irin wannan gurjiya tun ina budurwa. Na ce yaran nan sun ajiye abin arziki a hayaƙi sun manta da shi. Na sa mata kanwa, kai na dafa wa, ka sha rana."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "An gode, Mama. Allah ya ƙara girma."

Kuma gaisuwa ba ta yankewa a tsakiya. Na tambayi mutanen gida, ta ba ni labarin kowa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi hanya, ta ba ni labarin ɗan acaɓan da ramukan da ya faɗa. Na tambayi ƙafarta da ke ciwo, ta ce da sauƙi, ta sa ƙafar ta tura itace cikin wuta. Da na samu ta sallame ni, na fita a hankali kamar mutumin kirki, ina shan kwana na zura da gudu sai majami'a. Na tarar da matata a gaba ita ke ba da waƙa, mata na amsawa, ana buga tulu. Na tsaya a taga ina ɗaga hannu ina nuna hanyar gida. Ta ɗauka yaba muryarta nake yi, ta yi mini murmushi ta ƙara baiti.

Kafin mu iso gida ƙamshi ya tarye mu tun daga bakin rijiya. Matata ta leƙa tukunya, ta leƙa fuskata, ta shige ɗaki ta cusa bakin zane a baki don kada uwarta ta ji dariyar. Da ta lafa ta ce, "Don Allah kada ka bari ta sani. In ta ji abin da ta yi, yau za ta koma, kuma kunya ba za ta bar ta ta sake taka gidan nan ba." Na san gaskiya ta faɗa.

Aka kawo mini kwano cike a ɗaki. Na zauna ina kallon aikin rani guda yana tururi. Na ɗauki ɗaya na sa a baki, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne daɗin da ta yi. Garɗinta na nan yadda na san shi a aljihun wandon makaranta. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na kaka ne ko na jarina, ban tantance ba. Na cinye kwanon tas, na aika a ce wa Mama ta yi daɗi.

Abin da ya tsira shi ne cikin tafi ɗaya da na riga na zuba a aljihun rigar da zan sa washegari. A bangon rumbu na ja kibiya tun daga sama har ƙasa, na zana tukunya a gefenta.

Ranar Lahadi na faɗa wa Baba a gaban kowa, don ba yadda za a ɓoye, kaso mai tsoka na irin ya tafi.  Sai ya ce, "Ta sa kanwa?"

Na ce ta sa.

"To ta iya girki. Amma ka sani ba a ƙari."

Taubashina ya yi dariya har ya faɗo daga benci, aka ɗaga shi yana tari. Ya ce, "Ni da na ce zan dafa aka harare ni, ashe mai tsaron ne zai fara ci! Yarona, ka ce an gode? Wallahi ka ce an gode?" Malam tela ya ce a bar ni haka, ai na yi abin da ɗan halak zai yi, sannan shi ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Na sake farawa daga cikin tafi ɗaya. Yanzu rabinsa nake zuwa da shi, sauran kuma a cikin akwatin tufafina, da kwaɗo. Sai in zauna yamma guda ban shiga hannu uku ba. Na janye, na janye, har yara suka riƙa bina da shi a hanya. Ba daɗi, don mai zuciya irin tawa zaman jira ya fi masa noman rana wuya. Amma ƙananan kibiyoyi suka riƙa hawa bango, ba wuta a gefensu. Kafin Ista na mayar da cikin gwangwanin madara har da ɗan tozo. Taubashina kuwa da ƙaramin buhu yake zuwa, yana ajiye shi a cinya kamar jariri.

Ranar gasar ƙarshe zafin bazara ya kai inda ya kai, hadari ya ɗan taru a gabas yana yi mana kwalele. Mata ma sun fito da kujerunsu, an dama kunun tsamiya a babbar roba. Aka fara, masu ƙaramin jari suka riƙa faɗuwa suna komawa bayan 'yan kallo suna ba da shawarar da ba su bi ba. Ni ina laɓe, in na ga hanya in ɗan ciza in koma. Baba kuma ya sa taubashina a gaba yana gutsurarsa. Da rana ta karkata muka rage mu uku, kuma tulin gabana ya kusa kamo na taubashina.

Aka raba, na ɗaga gefen kartata, sarki biyu, hannu mai ƙarfi sosai. Daidai lokacin taubashina ya ce, "Yarona, in ka sha kashi yau, Maska za ka kai ƙara? Ko in aika a ɗauko Mama ta zo da tukunyarta?"

Da a da ne, da gaske raina zai ɓaci. Wannan karon na ji maganar ta wuce ta gefen kunnena, amma na tuna abin da ya saba gani. Na fizge hulata na maka a tabarma, na ɗaga murya na ce ya ishe ni haka, na sa hannu biyu na tura duk abin da ke gabana. Har rawar hannu na yi masa. Bai ko sake duba kartarsa ba ya ce ya bi, yana ƙyafta wa mutane ido. Da aka buɗe, tarkace ne a hannunsa. Na jawo tulin a hankali, na ɗauki hulata na kakkaɓe na mayar, na ce, "An gode. Allah ya ƙara girma." Wurin ya kaure, matata har da guɗa. Ɗan abin da ya rage masa Baba ya share a hannu na gaba.

Saura ni da Baba Soja, kuma na ɗan fi shi yawa. In na ci, iri ya shiga ƙasa. In ya ci, tukunya.

Muka ɗan taɓa hannu kaɗan ba wanda ya ji ciwo. Sannan aka raba wani. Baba ya ɗaga gefen kartarsa ya kai kusa da fuska yadda ya saba, ya mayar. Mai rabo ya riƙa shimfiɗawa yana faɗa, har biyar suka cika. Akwai sarki a ciki, akwai sarauniya, akwai tara. Ni tara ɗaya ce a hannuna, wato tara biyu ke nan, abin da bai kai a yi fahariya da shi ba. Baba ya sa hannu biyu ya turo duk gurjiyarsa tsakiya, ya harɗe hannu.

Gumi ya jiƙa mini riga. In yana da sarki ko sarauniya na mutu. In na janye kuma ya wuce ni, kuma na san yadda yake gutsurar mutum har ya ƙare. Na dube shi. Ba tabarma yake kallo ba, ba ni yake kallo ba, ya ɗan karkata kai ne, kunnensa na wajena. Na tuna hulunan nan na bangon rumbu, rani guda muna bar masa tuli ba mu ga abin da ya riƙe ba. Na ce, "Na bi, Baba."

Ya watsa kartarsa a buɗe. Wannan karon bai yi shiru ba, ya ce, "To, wani ya gaya mini abin da na samu."

Aka fara dariya, an ɗauka wasa ne, sai dariyar ta mutu a hanya. Taubashina ya ce, "Kawu, ba ka gani ba?"

"Rabona da bambanta sarki da bakwai tun kafin Kirsimeti. Fari-fari kawai nake gani."

Malam tela ya ce Allahu akbar a hankali.  Duk ranin nan ina zana hularsa a bango, ina lissafin yadda zan kayar da shi, ban taɓa lura cewa ƙanen ubana ya daina ganin fuskata ba. Ya sake cewa, "Ina jira. Me na samu?"

Na ce, "Biyu da bakwai, Baba. Ba su haɗu da komai ba."

"Kai fa?"

"Tara biyu."

Ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. "A kan biyu da bakwai ka zauna kana ta huci kamar jakin da ya hau tudu? Ai jinku nake yi. Wancan mai tumbin in ya samu karta mai kyau sai surutunsa ya ragu. Kai kuma hancinka ke busa. Ɗazu da ka jefar da hula na san ƙarya kake, numfashinka bai canza ba. Nan na ce yaron nan ya isa riƙon iri."

Taubashina ya cire hula yana goge ido, wai gumi ne ya shigar masa. Baba ya miƙe daga kujerarsa, ya lalubo kafaɗata ya danna ni a kai. Na ce ba zan iya zama yana tsaye ba, ya daka mini tsawa irin ta bariki, na zauna. Ya durƙusa a tabarma yana tattara gurjiyar da tafin hannu yana zubawa a buhu, yana laluben gefe-gefe kada ɗaya ta ɓace. Ya ce kada in yi gaggawar shuka da ruwan fari, in bari damina ta zauna, in nemi jigawa, kuma kada in cika mata taki, ba ta son gata.

Haka na yi. Ranar shuka sai ga taubashina a kan babur da aron fartanya, ya shuka kunya biyu ya kwanta a inuwa yana ba ni umarni. Allah ya ba da damina, gurjiya ta yi 'ya'ya fiye da zatona. Na auni mudu guda na ba matata ta kai wa Mama a Maska, ta aiko da godiya da saƙon cewa na cika suruki. Har yau ba ta san komai ba.

Bayan kaka ni na zauna da buhu da gwangwanin madara a gindin mangwaro, kuma gwangwanin farko na Baba ne. Ana raba masa karta biyu kamar kowa, ya ɗaga gefensu ya kai kusa da fuska, ba mai cewa komai. Na shafe bangon rumbu na fara sabon zane, huluna sun riga sun yi yawa a kai. Lahadin da ta wuce ma ya turo tuli, na yi ta tunani na janye, ya kwashe rabin cikin tafina. Zuciya ta ɗebe ni na miƙa hannu zan leƙa kartar da ya ajiye. Ya ji motsina, ya make mini hannu.

Ya ce, "Ni da na ci ban gani ba, sai kai?"